Tom Mboya: Ribar Ma'aikata Da Hasararsu A Majalisa

Ran 5 ga watan Yuli 1969, da tsakar rana, wani mutum ya harbe Tom Mboya yayin da yake fitowa daga wani kantin magani a tsakiyar birnin Nairobi. Shekarunsa 38 a duniya, yana kuwa riƙe da muƙamin Ministan Tsara Tattalin Arziki na ƙasar Kenya. Tarihin wannan bawan Allah abin nazari ne ga duk ma'aikacin da ke zaton ran da shugaban ƙungiyarsa ya shiga majalisa, ran nan wahalarsa ta ƙare.

An haifi Mboya cikin 1930 a wani gandun Turawa kusa da garin Thika, inda mahaifinsa ke aiki. Da ya gama makaranta sai ya kama aikin duba-gari a hukumar birnin Nairobi, ya ga yadda Bature ke ɗaukar albashin da ya ninka na baƙar fata alhali aikinsu ɗaya. Wannan ne ya kai shi harkar ƙwadago. Ya shirya ma'aikatan hukumomin gari suka zama ƙungiya, sa'an nan cikin 1953 aka naɗa shi babban sakataren tarayyar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasar.

Lokacin kuwa na tsanani ne. Turawan mulki sun kafa dokar-ta-ɓaci saboda tawayen Mau Mau, sun ɗaure Jomo Kenyatta, sun haramta jam'iyyar 'yan ƙasa. Bakin da ya rage wa talakawa shi ne na ƙungiyar ƙwadago, Mboya kuwa ya yi amfani da shi sosai. Cikin 1955 leburorin tashar jiragen ruwa ta Mombasa suka yi yajin aiki, ya shiga tsakani, ya samo musu ƙarin albashi mai tsoka. Daga nan sunansa ya game ƙasa.

A watan Maris 1957 aka yi zaɓe na farko da aka bar 'yan ƙasa su zaɓi wakilai takwas zuwa Majalisar Dokoki, Mboya ya ci kujerar Nairobi. Dabarar da ya koya wajen ciniki da masu kamfani ita ya kai majalisa. Ya haɗa kan wakilan nan takwas, suka ƙi karɓar muƙamin minista sai an ƙara yawan kujerun 'yan ƙasa, watau yajin aiki ke nan a cikin zauren majalisa. Cikin 1958 aka mai da kujerun 14. A watan Disamba na wannan shekara, yana da shekara 28, ya shugabanci babban taron al'ummomin Afirka a birnin Akra. Daga 1959 kuma ya shirya jigilar ɗaruruwan ɗalibai zuwa jami'o'in Amurka, cikinsu har da Wangari Maathai wadda ta sami kyautar Nobel cikin 2004.

Har wa yau akwai abin yabo da ya wuce waɗannan. Mboya ɗan ƙabilar Luo ne, amma mazaɓarsa ta Nairobi cike take da 'yan ƙabilar Kikuyu, suka kuwa yi ta zaɓensa. Wanda ya saba tara direba da lebura da akawu a inuwa ɗaya, ya riga ya san cewa kuɗin haya da tsadar abinci ba su tambayar harshen mutum. Irin wannan tarbiyya ita ce gudummawar da ƙungiyar ƙwadago ke iya bai wa siyasa.

To, amma labarin bai tsaya nan ba. Cikin 1962 Mboya ya zama Ministan Ƙwadago, bayan samun mulkin kai a 1963 kuma ya riƙe Ma'aikatar Shari'a, daga baya ta Tsara Tattalin Arziki. Mutumin da dā ke neman ƙarin albashi, yanzu shi ke lissafin baitulmali, yana kiran ma'aikata su yi haƙuri don gina ƙasa. Cikin 1964 gwamnati da masu kamfanoni da ƙungiyoyi suka ƙulla yarjejeniya, a ɗauki ƙarin ma'aikata, su kuwa ƙungiyoyi su dakatar da yajin aiki da neman ƙarin albashi har shekara guda. Cikin 1965 gwamnatin da yake minista a cikinta ta rushe tarayyar da ya gina da hannunsa tare da kishiyarta, ta kafa sabuwa mai suna COTU, aka ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa babban sakatarenta daga cikin sunayen da aka miƙa masa.

Masu kare Mboya suna cewa ƙasa matalauciya wadda ta fito daga mulkin mallaka ba za ta jure yajin aiki kullum ba, kuma marasa aiki sun fi masu albashi yawa nesa ba kusa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuma daidai ba ne a kira shi maci amana. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Minista ya yi rantsuwar bauta wa gwamnati, ita kuwa gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a ƙasa. Kuskuren yana wurin ƙungiyar da ta rataya ƙarfinta duka a wuyan mutum ɗaya, har ran da ya koma wancan gefen tebur ta rasa mai tsaya mata.

Saboda haka ma'aikatan gwamnati, da ɗaliban da gobe za su gaje su, lalle su lura da abu biyu. Tura ɗan ƙungiya majalisa abu ne mai kyau, gama a can ake yin dokokin albashi da fansho, kuma wanda ya taɓa jiran ƙarshen wata da aljihu wayam ya fi sanin zafinsu. Amma ran da ya ci zaɓe, a zaɓi wani ya riƙe ofishin ƙungiya, a bar asusunta da zaɓenta a hannun masu biyan kuɗin wata, a kuma riƙa bin ɗan majalisar bashin alkawuransa kamar yadda za a bi kowa. Ma'aikatan Kenya sun ba ƙasarsu ɗaya daga cikin haziƙan ministocinta, amma cikin shekara biyu da samun mulkin kai naɗin shugaban ƙungiyarsu ya koma hannun Shugaban Ƙasa.