Raddi Ga Mai Cewa Labarin Zuciyar Mai Kisa Makarantar Kisa Ce

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata takarda da wani malamin makaranta a nan Ɗanbatta ya rubuta ya karanta a gaban ɗalibai da iyayensu, wadda tun daga ranar ake ta juya ta a majalisu, daga bakin tasha har rumfunan kasuwar Lahadi, kamar hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a bayansa. Musabbabin takardar kuwa littafin nan ne mai suna Mr. Mercedes na Stephen King, Ba'amurken da ya shahara tun 1974 wajen rubuta labarun fatalwa da abubuwan firgici, wanda a 2014 ya ajiye fatalwa gefe, ya rubuta labarin wani saurayi da ya saci mota ya afka wa jama'ar da suka yi layi tun asuba suna neman aiki, da na wani tsohon ɗan sanda da ya ci alwashin kamo shi. Littafin ya faɗa hannun waɗansu samarinmu masu karanta Ingilishi, suka yi ta gardama a kansa, waɗansu suna ƙorafin ba su ga fatalwar da suka saba ba, waɗansu suna cewa sun kasa barci saboda sun sami kansu a cikin tunanin mai kisan. Gardamar ta kai kunnen Malam, Malam kuwa ya yi fatawa, ya kuma gargaɗi marubutanmu na Kano masu labarun aljanu kada su kuskura su bi wannan hanya.

Da'awarsa, in an sheƙe ƙaiƙayin, huɗu ce. Ta farko, wai labarin da yake shigar da mai karatu cikin zuciyar mai laifi bidi'a ce ta Turawa wadda addininmu da adabinmu ba su san ta ba. Ta biyu, wai irin wannan labari yana koyar da laifi, yana kuma sa a tausaya wa mai yin sa. Ta uku, wai marubucin aljanu ya tsaya ga aljanunsa. Ta huɗu, wai labarin da aka bayyana mai laifinsa tun farko ba shi da armashi. A taƙaice dai, Malam yana so mu yarda cewa yaro ya kwana da tsoron dodo ya fi masa alheri a kan ya kwana da sanin halin ɗan Adam.

To, Allah gafarta Malam, bari mu fara da ta farkon, domin ita ce ginshiƙin da sauran suka jingina da shi, kuma ita ce mafi rauni. Ina mamakin mutumin da ya yi saukar Alƙur'ani, ya zauna gaban malamai ya ji tafsiri shekara da shekaru, ya buɗe baki ya ce addininmu bai san labarin zuciyar mai kisa ba. Ashe bai wuce ta Suratul Ma'ida ba, daga aya ta 27 zuwa ta 31, inda aka kawo ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu guda biyu, waɗanda malaman tafsiri suke kira Habila da Ƙabila? Ai ba a tsaya ga ba da labarin cewa wani ya kashe wani ba. An nuna mana mafarin abin, wato baikon da aka karɓa daga ɗaya ba a karɓa daga ɗayan ba, aka jiyar da mu barazanar mai hassada da amsar mai taƙawa, sa'an nan aka kai mu can cikin ƙirjin mai laifin, aka gaya mana yadda ransa ya yi ta lallashinsa yana sauƙaƙa masa kisan ɗan'uwansa har ya aikata, daga baya aka bar mu tare da shi a gaban gawa, ya rasa yadda zai yi da ita, har hankaka ya koya masa tono, ya wayi gari cikin masu nadama. In wannan ba shiga zuciyar mai kisa ba ne, to Malam ya gaya mana sunansa.

Haka kuma Suratu Yusuf, wadda ko yaran makarantar allo sun san ƙissarta, ta zaunar da mu cikin shawarar 'yan'uwan nan tun suna ƙulla ta, muna jin mai cewa a kashe da mai cewa a jefa a rijiya, muna jin yadda suka yi wa kansu alkawarin za su zama salihai bayan sun gama aika-aikar, wanda shi ne ainihin yaudarar da kowane mai laifi yake yi wa ransa tun daga wancan zamani har gobe. Ba ina kwatanta littafin wani mahaluki da Littafin Allah ba ne, subhanallahi, tsakaninsu akwai nisan da babu ma'auninsa. Abin da nake tabbatarwa shi ne, hanyar bayyana yadda sharri yake tsira a zuciya kafin ya kai ga hannu hanya ce da wahayi ya zo da ita domin ibra, saboda haka wanda ya kira ta bidi'ar Turawa ya ba Turawa abin da ba nasu ba.

Sunna ma ba ta goyi bayan Malam ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Sahabi Huzaifa ɗan Yamani ya kasance yana tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sharri, alhali sauran jama'a suna tambaya game da alheri, dalilinsa kuwa tsoron kada sharrin ya riske shi bai san kamanninsa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa Ihya'u Ulumiddin kashi huɗu, ya ba da kashi guda sukutum ga abubuwa masu halakarwa, ya yi ta feɗe fushi da ƙullata da hassada da girman kai, yana bin su tun daga waswasin farko har zuwa azama. Ibnul Jauzi ya wallafa Talbisu Iblis a kan ƙofofin da Shaiɗan yake shigo wa kowane jinsin mutane. Waɗannan fa littattafai ne da ake karantawa a zaurukanmu. Shin su ma Turawa suka kwaikwaya?

Mu dawo gida, tun da Malam ya ambaci adabinmu. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, yana cikin jerin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito daga Zariya bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, an kuma daɗe ana karantar da shi a makarantu, la'alla ma Malam da kansa ya karantar. Mene ne a cikinsa? Abubakar yana son Zainab, attajiri Malam Shehu ya raba su da ƙarfin dukiya, Abubakar ya ɗauki ƙullata ya shiga duniya yana neman abin ramuwa, yana shan wuya, wuyar kuma tana ƙara masa taurin zuciya, har ya sami abin da ya lalata Kyauta, ɗan da Malam Shehu ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi. Yaro ya tashi ɓarawo, ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Mai karatu yana tare da Abubakar a duk wannan tafiya, ya san zaluncin da aka yi masa, ya san kuma zaluncin da shi ya yi ya ninka shi. Bayansa Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Kitsen Rogo a kan ɗan ƙauyen da birni ya ja shi cikin miyagu, Bature Gagare kuma ya rubuta Ƙarshen Alewa Ƙasa, wanda ya fito a 1982 cike da zubar da jini da neman fansa. Abin da Bahaushe yake rubutawa tun bayan gasar 1933 shi ne Malam ya tashi rana tsaka ya ce baƙo ne. Wallahi abin da ciwo.

Da'awa ta biyu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Shi Stephen King ɗin yana da wani littafi mai suna Rage, na 1977, a kan ɗalibin da ya shiga aji da bindiga, wanda da aka alaƙanta shi da waɗansu hare-hare a makarantun Amurka, shi marubucin ya nemi a daina buga shi. Da Malam ya kawo wannan hujja da ya fi ƙarfi, amma bai kawo ba, ni na kawo masa. Sai dai abin da take nunawa shi ne kowane littafi ana auna shi a kan kansa, ana duba maslaharsa da mafsadarsa. Akwai bambanci tsakanin labarin da yake ƙawata ta'asa ko yake koyar da dabarar aikata ta, da labarin da yake tona yadda zuciya take ruɓewa. Na farko abin ƙi ne ko da aljanu dubu a cikinsa. Na biyu wa'azi ne ko da ba a kira shi wa'azi ba.

Batun tausayi kuwa, ai fahimtar mai laifi ba ita ce yarda da laifinsa ba. Mu nan ƙasar noma ce, gona na manne da gona, gado kuma kullum ƙara tsagewa yake yi. Wane ne a cikinmu bai ga wa da ƙane sun raba gonar ubansu lafiya lau ba, damina ta faɗi ɗaya ya ci kunya guda ta iyaka, ɗayan ya haɗiye, baɗi aka tuge gambar da take shaida, aka daina gaisawa a masallaci, matansu suka daina aron turmi, 'ya'yansu suka daina cin tuwo a kwano ɗaya, har ranar da aka ɗaga fartanya a kan abin da bai kai dami biyu na gero ba? Da abin ya faru sai ka ji ana cewa asiri aka yi masa, ko iska ce ta buge shi, alhali kowa yana kallo shekara biyar ana shuka abin ana yi masa noma. Littafin da zai sa saurayi ya gane kunyar farko a cikin ransa kafin ta kai ga fartanya ya yi wa garin nan hidima. Samarin da suka ce sun kasa barci, abin da ya hana su barcin shi ne sun hango a jikinsu ɗan abin da suka gani a jikin mai kisan, wannan kuwa farkon muhasaba ne. An ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007 da sunan gyaran tarbiyya, ba mu kuwa ji hassada ta ƙone tare da su ba.

Da'awa ta uku ba ta bukatar dogon zance. Wanda ya ƙware wajen sa gaban mai karatu ya faɗi saboda aljani, ya riga ya san inda tsoro yake kwana a zuciya, ba kuwa wanda ya fi shi cancantar ya nuna mana abin tsoron da yake sanye da riga da hula. Jiki Magayi ma ya haɗa sihiri da ƙullata a wuri guda, kowa kuma ya san wanne ne ya haifi wani. Shi Mr. Mercedes da ake magana a kansa ya ci lambar Edgar a 2015, wadda marubutan labarun bincike na Amurka suke bayarwa, wato masu sana'ar da kansu sun karɓe shi.

Ta huɗu kuwa magana ce ta ɗanɗano, ba ta hujja ba. Mun san waɗanda suka jefa Annabi Yusufu a rijiya tun farkon sura, ba wanda ya taɓa tashi daga tafsiri saboda haka.

Saboda haka ina kira ga iyaye da malaman Ɗanbatta, kada su karɓi wannan fatawa ido rufe. Ku karɓi littafin da ɗanku yake karantawa ku duba, in batsa ce ko koyar da ɓarna ku hana, in kuwa bayanin cutar zuciya ne ku zauna ku tambaye shi abin da ya fahimta. Marubutanmu kuma su rubuta labarun laifi na ƙasarmu da tsoron Allah da sanin ya kamata. Malam kuwa, ina roƙonsa da girman zumuncin da ke tsakaninmu ya koma ya karanta Jiki Magayi da ayoyin nan biyar na Ma'ida, sa'an nan ya sake takarda. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.