Ɗaliban Argungu, a sauko Matan Fada

Muhawarar kare muhalli da ɗaliban kimiyya ke tafkawa a aji tana da kyau, amma ga na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, darasin na nan bakin kogin Matan Fada. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu, har UNESCO ta karrama shi a 2016. Sai dai giwan ruwan da masunta ke cafkowa da homa da gora ba ya ƙasaita sai an bar kogi ya huta. Ga kuma manoman shinkafar fadamar Gulma, injinansu na jan ruwan wannan kwari duk rani. Wa ke auna abin da ya rage? Baƙin bikin dai kifi ke kawo su. Malamai, ku kai ɗaliban nan wajen Sarkin Ruwa.