"Wane Littafi Zan Karanta?" Amsar Da Matasan Daura Za Su Riƙa Ba Juna

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko. Tsarin da aka soke ɗin an amince da shi ne a ƙarshen 2022, zamanin marigayi Muhammadu Buhari, lokacin Malam Adamu Adamu na ministan ilimi, kuma ya tanadi a koyar da yaro da harshensa a shekaru shida na firamare. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. An yi ta cacar baki a Facebook da X na 'yan kwanaki, wasu na yabo wasu na zagi, sai wani sabon zance ya taso kowa ya watse.

To me ya haɗa wannan da littattafan labari? Haɗin a bayyane yake. Hausa a matsayin darasi tana nan a makaranta, kuma gaskiya ko lokacin da tsarin 2022 ke kan takarda, makarantu da yawa ba su da malamai da littattafan aiwatar da shi. Amma yanzu ko wannan alkawarin na kan takarda babu. Ƙaninka da ke firamare a Sandamu ko Baure, in zai iya karanta Hausa da kyau ya kuma rubuta ta daidai, mafi yawan aikin a waje da aji za a yi shi. Hanyar da ta fi aiki tun zamanin iyayenmu kuwa guda ce: wani ya miƙo maka littafi mai daɗi ya ce, "Karanta wannan, ba za ka iya ajiyewa ba."

Yadda littafi ke zuwa hannu ya sauya

A shekarun 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, littafi na tafiya ne daga hannu zuwa hannu. Akwai masu ba da haya a bakin kasuwa da cikin unguwanni, ki biya ɗan abin da ya sawwaƙa ki kai gida ki dawo da shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Yaya ta gama ta ba ƙanwa, ƙanwa ta kai makarantar kwana, littafi ya zagaye ɗaki har bangonsa ya cire. Mata da yawa da karatunsu ya tsaya a firamare da waɗannan littattafan suka riƙe karatun boko.

Yau kasuwar ta koma waya. Ana rubuta labari shafi-shafi a guruf na WhatsApp da Telegram, ana ɗorawa a Wattpad da ArewaBooks, ana karantawa da murya a YouTube don masu son saurare suna aiki. Wannan ci gaba ne, kada wani ya ruɗe ka. Yarinya a Zango za ta iya rubuta labari yau, gobe a karanta shi a Damagaram da Kumasi ba tare da ta je wurin mai ɗab'i a Kano ba.

Sai dai sauyin ya zo da matsalarsa. Da, wanda ya ba ka littafi ya san ka, ya san shekarunka, ya kuma karanta shi kafin ya miƙo. Yanzu abin da ya fi tara sharhi shi ke fara zuwa gabanka, abin da ke tara sharhi da sauri kuwa kowa ya sani: batsa, kishi mai zafi, da attajirin saurayi mai jirgin sama. Ga kuma rubutun da babu wanda ya duba. Ƙa, ɗa da ɓa sun ɓace, "na ce" ta koma "nace", "kin san" ta koma "kinsan". Wanda duk karatunsa na Hausa a nan ya yi shi, haka zai ɗauka ake rubutawa. Sannan tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, karatu a waya ba kyauta ba ne. Kana ƙona data, ya kamata ka san a kan me.

Wasu za su ce a hana kawai. An gwada. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Littattafan soyayya ba su mutu ba, sun dai sake hanya, daga baya ma suka koma inda babu mai iya ƙona su. Abin da ke korar mugun littafi daga hannun matashi shi ne wani littafin da ya fi shi daɗi. Don haka in an tambaye ka "wane littafi zan karanta?", amsarka na da nauyi fiye da yadda kake zato.

Ga waɗanda suka cancanci ka ambata

In mai tambayar bai saba karatu ba, fara masa da abin dariya. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ɗan ƙaramin littafi ne, zama ɗaya ko biyu an gama. Ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, lokacin Imam na malamin makaranta a Katsina yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna ƙeta gari bayan gari, ko masu barkwancin TikTok sai sun sara musu. In ya gama ya ce a ƙaro, ga Magana Jari Ce mai littafi uku, inda aku ke jan ɗan sarki Musa da labari kan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Kowane labari gajere ne, daidai da jiran mota a tasha.

Mai son abin da zai taɓa masa zuciya, ba shi Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama Firaministan Najeriya. Labarin yaro ne da aka sace aka bi da shi hanyar Sahara zamanin cinikin bayi, da uwar da ta bi sawunsa ba ta haƙura ba. A yankin da har yau ake jin labarin matasan da suka bi ta Agadas suka nufi Libiya, wannan littafin bai tsufa ba. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ma daga waccan gasar ya fito: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta cinye har da wanda bai ji ba bai gani ba.

Samarin da ke cewa littafin Hausa na mata ne, a ba su biyu daga marubutan Katsina. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina kan fasa-ƙwauri da cin hanci yake, da yadda attajiri ke saye jami'ai da kuɗi. Duk wanda ya san hanyar Kongolam da kasuwar Mai'aduwa, ya ga rufe iyakar 2019 da ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, zai karanta shi kamar jiya aka rubuta. Na biyun shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma da dabarsa ta 'yan ta'adda masu makamai. Tun farkon shekarun 1980 aka buga shi, shekaru masu yawa kafin kalmar 'yan bindiga ta zama abin da muke ji kullum a jihar nan.

Masu son soyayya kuma, babu laifi, sai dai a ba su ta ƙwarai. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani da ta dage kan wanda take so duk da ba ɗan danginta ba ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, shi ne Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka, littafin da ya yi tashen da har aka mayar da shi fim. Daga nan jiharmu akwai Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki, mai Allura Cikin Ruwa da Ki Yarda Da Ni, wadda matan littattafanta ke karatu su yi aiki su kuma riƙe gidajensu.

Balaraba Ramat Yakubu tana da matsayi na daban. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta aka yi mata auren dole da tsoho, ta ƙi yarda rayuwarta ta ƙare a nan. A Alhaki Kuykuyo Ne, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda sabuwar amarya, Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe su. An fassara wannan zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Ki duba fa, mu da muka taso da finafinan Indiya, sai ga Indiyawa na buga labarin matar Kano.

Sababbin marubuta ma kada a bar su a baya. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016 don mata marubuta, ta fito da gajerun labarai masu ma'ana kan gudun hijira, fyaɗe, maraici da zaman aure, kuma an karanta da yawansu a rediyo. Mai karanta Turanci kuma ya nemi Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Da Turanci aka rubuta shi, amma mutanen ciki Hausawa ne irin na unguwarku.

Ina labarin Daura?

Ka sake duba jerin nan. Akwai Katsina, Funtuwa, Kano, Zariya, Bauchi. Garin da ake kira tushen Hausa Bakwai fa? Kowane ɗan firamare ya san Bayajidda da Daurama da macijiyar rijiyar Kusugu, kuma baƙi na zuwa su ga rijiyar su sha ruwanta. Amma tarihin Daura bai tsaya a bakin rijiya ba. A farkon ƙarni na 19 masu jihadi suka karɓe garin, gidan sarautar Haɓe ya fita ya kafa zama a Zango da Baure, sai a 1906 Turawa suka dawo da Malam Musa kan gadon. Shekara ɗari kenan na gudun hijira, yaƙi, ƙulle-ƙulle da dawowa gida. Littafin da ya fi bin diddigin wannan zamanin, The Affairs of Daura, wani masani ne mai suna M. G. Smith ya rubuta shi, aka buga a Amurka a 1978, da Turanci. Matasan Daura nawa ne suka taɓa ganin bangonsa?

Kayan labari na nan jibge. Ga Sallar Gani da hawanta, ga rayuwar bakin iyaka inda gida ɗaya ke da dangi a ƙasa biyu, ga yadda gari ya cika da manyan baƙi shekara takwas na mulkin Buhari sannan aka wayi gari an yi jana'izarsa a nan a Yulin 2025. Yanzu kuma ga ɗalibai daga sassan ƙasar nan a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Sufuri, da Kwalejin Yusufu Bala Usman. Marubucin da zai juya wannan ya zama littafin da za a riƙa ba juna, a cikin masu karatun yau zai fito. Ba a taɓa yin marubuci da bai fara da karanta na wasu ba. Imam kansa sai da ya sha karatun labaran Larabawa da na Turawa kafin ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce.

Yadda ake ba da shawarar

Kada ka ambaci littafin da ba ka karanta ba don kawai a ce kai ma ka sani. Faɗi dalili a jimla ɗaya ko biyu: me ya ba ka dariya, wane hali ne ya tsaya maka a rai, amma kada ka tona ƙarshen labarin. Duba wanda ke tambaya, domin abin da ya dace da matar aure ba shi ne na 'yar JSS 2 ba, kuma in littafi na da wuraren da ba na yara ba, ka faɗa tun farko. In ƙawarki ta saba da na waya, kada ki raina mata, ki ce ta haɗa da ɗaya daga cikin tsofaffin nan, ita da kanta za ta ji bambancin Hausar.

Sai batun haƙƙi. Marubuciya ta kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sa ɗan kuɗi kaɗan a kan littafinta, mutum ɗaya ya saya ya watsa a guruf goma. Wannan ba taimakon masu karatu ba ne, cin guminta ne, kuma shi ke sa masu iya rubutu su gaji su bari. In littafi ya yi miki daɗi, ki tura wa ƙawarki sunansa da inda za ta saya.

A ƙarshe, littattafan takarda ba su ƙare ba. Da yawa daga cikin tsofaffin nan ana samunsu a shagunan littattafan makaranta, wasu kuma na nan cikin akwatin Baba ko na Inna, ƙura ta rufe su. Ku biyar a unguwa ko a hostel, kowa ya nemo ɗaya, kun sami littafi biyar na karba-karba ba tare da ko sisin data ba. In kun gama, ku miƙa wa ƙannenku na firamare, ku sa su karanta muku shafi ɗaya da ƙarfi bayan sallar isha'i. A nan za ku gane ko sun iya karanta harshen da suke magana da shi, in ba su iya ba kuma ku gyara musu tun yanzu.