Fetur, Haya Da Itace: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Ce Ƙasar Wani Ta Fi Arha

Duk shekara idan bazara ta kama, 'yan ci-rani suka fara dawowa gida domin sharar gona, sai hirar kasuwa ta koma ta ƙasashen waje. A rumfunan Dogon Kiriya da Matankari da Dogon Dutsi har zuwa Tibiri, za ka ji wanda ya dawo daga Libiya yana rantsuwa cewa a can litar fetur ba ta kai kuɗin gorar ruwan sha ba, na Abijan yana cewa matan can da gas suke girki, wani kuma ya kawo labarin da ya ji na albashin Turai. Mu da muka zauna gida sai mu saki baki muna sauraro, daga ƙarshe a watse a kan cewa babu ƙasar da ta kai tamu tsada. To amma mu 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa ba ya yanke ciniki da jin farashin abu ɗaya. Don haka yau muke son mu baje wannan magana a faifai, mu auna ta da tiyarmu.

Bari mu fara da fetur, tun da shi ne ke ɗaga kuɗin mota da na kabu-kabu da na niƙa, shi ne kuma ke tayar da injin ban-ruwa na masu noman dankalin Turawa a Dogon Dutsi. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage farashin lita daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari babu tamma guda, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. A wannan shekarar dai, lita a Faransa tana kusan yuro 1.80, wanda ya haura jika ɗaya da dala talatin a kuɗinmu. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai mun more, Bafaranshe na sayen mai ninkin namu har da ɗori. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar an ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024, kuma idan aka zuba shi gaba ɗaya a tanki, lita 84 zai saya. Na Najeriya ya koma Naira 70,000 a Yulin 2024, kuma da farashin lita ya haura Naira 1,000 a ƙarshen shekarar, da ƙyar zai sayi lita 70. Shi kuwa ƙaramin ma'aikacin Faransa, da ke ɗaukar kusan yuro 1,400 a wata, zai sayi sama da lita 700. Ashe ke nan wanda ya fi biyan kuɗi a gidan mai shi ya fi samun man da sauƙi. Tsada da arha a aljihun mai saye ake auna su. Kada kuma mu manta cewa yawancinmu ko wannan jika 42 ɗin babu wanda ya ɗaukar mana alkawarinta a ƙarshen wata.

Arhar Libiya gaskiya ce, amma gwamnati ce ke biyan cikon kuɗin daga dukiyar ɗanyen mai, kuma duk wanda ya zauna Sabha zai gaya maka cewa sau da yawa gidajen mai na kudu a bushe suke, sai an koma wa 'yan bayan fage a sayi man ninkin-ba-ninkin. Mu ma a nan Arewa mun daɗe muna cin irin wannan arha, amma ta aro. Shekara da shekaru man da muke zuba wa baburanmu a kwalabe a bakin hanya daga Kebbi da Sakkwato yake tsallakowa, domin tallafin gwamnatin Najeriya ya sa lita a can ba ta kai rabin farashin namu ba. Ko da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka kuma hana kai mai gidajen da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, jarkoki ba su daina shigowa ba. Abin da jami'an tsaro suka kasa, magana guda ta yi shi. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa. Ribar ɗan bumburutu ta tsuke, jama'a suka juya ga gidajen mai na hukuma, sai ga shi matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa duka. Dogayen layukan da aka yi a watan Maris na 2025 ba mu manta da su ba. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Haka zancen yake a wutar lantarki. Har zuwa 2023, mafi yawan wutar da yammacin Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa jihar Doso zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi da lamurje da masu walda sun san asarar da suka tafka a waɗannan watanni. Abin takaici, tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, Faransa kuma ta daɗe tana samun mafi yawan wutarta daga tashoshin nukiliya, alhali a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, a karkara ma abin bai kai haka ba.

Sai batun muhalli, wanda 'yan ci-rani ba su cika son faɗa ba idan suna ba da labari. A Legas da Abuja mai gida kan nemi hayar shekara guda cur kafin ya ba ka mabuɗi, ban da kuɗin dillali da na takarda. A Gana, duk da dokar da ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, ana neman na shekara biyu. A Kodebuwa sai da aka yi doka a 2018 aka ƙayyade wata biyu na haya da wata biyu na jingina, saboda yadda abin ya yi ƙamari. A Faris ɗaki guda kan cinye fiye da rabin wancan albashi da muka ambata, ga kuma kuɗin ɗumama gida idan hunturu ya shigo, wanda ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Shi ya sa za ka tarar da 'ya'yanmu su takwas ko goma a ɗaki ɗaya a Abijan ko Kwatano, wasu ma a bakin shago suke kwana, don dai su tsira da abin da za su aiko gida.

Mu a Dogon Kiriya yawancinmu ba mu san takardar haya ba. Gidan gado ne, ko fili ne da aka yanka wa mutum ya buga tubali da taimakon 'yan'uwa. Wannan babban jari ne, ko da yake ba mu sa shi a lissafi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana da sanyi da rana, yana riƙe ɗumi lokacin ɗari, ba ya neman fanka balle mai. Amma yanzu duk wanda ya samu 'yan kuɗi sai ya rushe shi ya ɗora bulo da kwano babu rufin ciki, ya wayi gari ɗakin ba ya shiguwa daga hantsi har la'asar. Ba mu ce kada a yi amfani da siminti ba, musamman tun da gwamnati ta rage farashinsa da kashi 35 cikin ɗari a Oktoban 2024 bayan ambaliyar da ta rusa dubban gidaje. A sa shi a tushe da inda ruwa ke ci, a bar wa ƙasa aikin da ta fi iyawa. Gidan da aka kwaikwayo daga garin da ke da lantarki, idan aka gina shi inda babu, azaba yake zama.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar iyayenmu mata, wato makamashin girki. Mai tuyar ƙosai da mai waina da mai tuwon sayarwa da mai soya gyaɗa ta yi ƙuli-ƙuli, dukkansu da itace suke aiki, kuma da yawa idan ka tambaye su ribar yau za su cire kuɗin wake da mai da gishiri, su manta da itacen, domin yara ne suka yo shi daga daji. Shin da gaske kyauta ne? Yarinyar da ta fita da asuba neman itace ta rasa darasin safe. Uwar da ta shekara ashirin a bakin murhu tana fama da tari da ciwon ido. Gonar da aka sare itatuwanta iska ta kwashe ƙasarta, amfanin ya ragu, mu dawo kasuwa muna kukan tsadar tiyar hatsi. Ita kuma mai saye daga amalanke ta sani cewa ƙullin da take samu bana bai kai na bara ba. Sunan garinmu kansa daga itaciya ya samo asali, ƙirya mai taurin da maƙera ke neman gawayinta. Kowa ya tambayi kansa, tafiyar awa nawa zai yi yau kafin ya ga doguwar ƙirya?

Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya sun fita. Senegal ta fara shirin sauya itace da gawayi zuwa gas tun 1974, ta hanyar yin ƙananan tukwane da murhun da ya dace da tukunyar gida, har gas ya zama abin girkin yawancin gidajen Dakar. Mu ma muna da gas namu na Damagaram, kuma bayan buɗe matatar an tsayar da farashin cika tukunya mai kilo 6 a sefa 1,800. Matsalar ita ce wannan farashi na birni ne. Kafin tukunya ta bar Dogon Dutsi ta iso ƙauye kuɗin mota ya hau kanta, ranar da ta ƙare kuma sai an jira ranar kasuwa, ga kuɗin sayen tukunyar farko da ke tsorata mai ƙaramin jari. A Maradi kuwa manoma sun nuna wa duniya abin koyi tun daga shekarun 1980 da sassaben zamani, inda ake barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Miliyoyin itatuwa suka dawo, mata suna samun rassan girki a gonar mazajensu. Wannan ba ya buƙatar ko dala ɗaya daga waje.

Saboda haka muna ba 'yan'uwanmu 'yan kasuwa shawara, musamman mata, da mu fara rubuta ko ƙirga abin da wuta ke ci a sana'armu kowane mako, kamar yadda muke ƙirga kuɗin kaya. Wadda ta gwada murhun ƙarfe Mai Sauƙi ko murhun laka mai rufaffen baki za ta ga bambanci a yawan itacen da take ƙonawa. Adashen da muke zubawa domin biki, a ware zagaye ɗaya na sayen tukunyar gas, kowace mace ta ɗauka idan layi ya zo kanta. Masu shaguna kuma su haɗa hannu su sa faifan hasken rana, maimakon kowa ya tayar da janareto yana ƙona ribarsa. Rana dai ba a rufe mata iyaka, kuma tashar Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023 ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne.

Su kuma hukumomi, tun daga ƙananan hukumominmu har zuwa Doso da Yamai, muna kira gare su da su sa kamfanin Sonidep da dillalan gas su buɗe wuraren sayarwa a manyan kasuwannin karkara a kan farashin hukuma, domin ragin da bai iso ƙauye ba na mutanen birni ne kaɗai. Tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu zuwa gaɓar teku a Benin, a shekarar ce kuma aka sa hannu a yarjejeniyar gina matata a Doso. Muna fatan a mayar da hankali a kanta har ta tabbata, don kada a sake wayar gari ƙasa mai arzikin mai tana layin lita guda. Sarakunanmu da masu gari su ma su tsaya a kan hana sare ɗanyen itace, a kuma tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne.

Daga ƙarshe, ga matasanmu masu shirin tafiya bayan girbi, ba mu hana kowa neman halalinsa ba, Arewa ta daɗe da sanin ci-rani. Amma kafin ka sayar da ragon uwarka ka yi kuɗin mota, tambayi wanda ya dawo nawa yake biya a wurin kwana, nawa yake kashewa a abinci, nawa kuma ya rage masa a ƙarshen wata. Idan ya yi shiru, ka samu amsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo mana sauƙin rayuwa da zaman lafiya, Ya sa wa kasuwanninmu albarka. Amin.