Baƙar giyar Jamus da dokar 1516

Addininmu ya hana mu giya, amma bai hana mu ɗaukar darasi daga masu yin ta ba.

A birnin Munik na ƙasar Jamus akwai wata giya da ake kira Dunkel, wato "mai duhu". Baƙo in ya gan ta cikin kofi sai ya zaci ta fi sauran ƙarfi da ɗaci, alhali ƙarfinta wajen kashi 5 ne cikin 100, kamar farar. Gwanayen ɗanɗano sukan fara duba launinta, su sansana, sannan su kurɓa kaɗan-kaɗan, suna neman ƙamshin ɓawon burodi da na shokola. Duhun nan daga tsiron sha'ir da aka gasa yake fitowa, kuma sai ta kwana makonni a wuri mai sanyi kafin a kai ta kasuwa.

Ran 23 ga Afrilu 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya suka kafa doka: ruwa da sha'ir da furen hublon kaɗai za a sa. Dokar ta yanke farashi, wanda kuwa ya yi algus a ƙwace masa ganga. Yau shekara fiye da 500 ke nan, Jamusawa na tallar hajarsu da sunan wannan doka.

To, ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke sa ido kan awo da ingancin kaya, ku duba: ribar algus ta kasuwa guda ce, amana kuwa har jikoki ke cin ta.