SHARHI: Ofisoshin gwamnati su bar Windows 10, amma cikin tsari

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin ofis tun fitowarta a 2015. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa, ta buga takarda, ta shiga intanet. Sai dai duk wata kafa da masu kutse suka gano daga yanzu, ba za a toshe wa ofisoshi ita ba sai ofishin da ya biya. Wannan ya shafi jami'in da ke shigar da bayanan albashi a IPPIS, da akantan da ke biyan kuɗi ta GIFMIS, da hadimin da wasiƙun minista ke bi ta hannunsa.

Duniya ta riga ta ga abin da sakaci ke haifarwa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaicin shi ne, Microsoft ya fitar da maganin wannan kafar tun a watan Maris na shekarar, amma ofisoshi da dama ba su ɗora shi ba. Kwamfuta ɗaya da aka bari a baya ta isa ta jawo wa duk waɗanda ke haɗe da ita bala'i.

Sauyin na da tsada. Windows 11 ba ta hawa kowace kwamfuta: tana buƙatar wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗanta ba. Hukumar da ta zaɓi sayen ƙarin wa'adi za ta biya dala 61 kan kowace kwamfuta a shekarar farko, kuɗin ya riƙa ninkuwa duk shekara, sannan wa'adin ya ƙare baki ɗaya a 2028.

Nan ne ake fargabar a mayar da lamarin kasuwar kwangila, a sayo sabbin kwamfutoci jingim alhali ba a san adadin tsofaffin da za su iya ɗaukar sabuwar manhajar ba. Sauri kan haifi nawa. Matakin farko shi ne ƙidaya: kwamfuta nawa ce a kowane sashe, wacce za a ɗaukaka, wacce za a yi wa ritaya. Na biyu, a kwafi dukkan bayanai a adana su a wani wuri daban, a kuma tabbatar za su dawo idan an neme su. Na uku, a fara gwaji da sashe guda, a ga ko firinta da na'urar ɗaukar zanen yatsa da tsofaffin manhajojin ofis za su yi aiki, kafin a taɓa sashen kuɗi. Bai kamata a tsara sauyin a makon shirya albashi ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ma'aikatan sashen kwamfuta na kowace ma'aikata ne ya dace su jagoranci aikin, ɗan kwangila ya bi umarninsu. A ware kuɗin horar da ma'aikata, a sayi lasisi na gaskiya, domin manhajar sata ƙofa ce a buɗe. Tsofaffin kwamfutoci kuwa, kada a yi gwanjonsu sai an goge ma'ajiyarsu tas. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a kare su, da sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu su.

Ya rage ga NITDA, wadda ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomin tarayya, da Galaxy Backbone, da Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, su fitar da jadawali guda mai wa'adi, a sa kuɗinsa a kasafi, kowane babban sakatare ya bayar da rahoton inda ma'aikatarsa ta kwana. Gwamnatin da ke son raba ofisoshinta da fayil ɗin takarda dole ta fara tabbatar da lafiyar kwamfutar da za ta gaje shi.