Ƙarfe Nawa Aka Kira, Ƙarfe Nawa Suka Iso?

A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Dutsin-Ma da Kurfi, oba-obar jami'an tsaro ba ta yi shiru ba. Mu kuwa sai jiran sanarwa daga Katsina, wai an fatattaki 'yan bindiga. Yaushe aka sanar da su? Yaushe motarsu ta tashi? Oho.

Ba mu ce a jona mana oba-oba kai tsaye ba, ɓarayin daji ma suna da kunne. Amma in ƙura ta lafa, a buɗe mana rajistar kiran. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ko ta faɗi dalilin ƙi. 'Yan'uwa marubuta, mu rubuta wa baturen 'yan sanda takarda, mu ajiye kwafi mai hatimi.